Milimita Shida da Rabi

Litinin, ƙarfe 4:20 na yamma, a shago

Bai tsaya ba. Karo na biyu ke nan.

Daga asibiti suka kira Malama tana tsakiyar darasi, ta fito baranda ta kira ni. "Bai tsaya ba," abin da ta ce ke nan. Ina jin hayaniyar yara a bayanta. Ta ce bari ta koma aji, saura minti ashirin a tashi. Ta koma ta ƙarasa musu lissafinsu. Ni kuwa ina tsugune a bayan firjin wani mai kanti da sifana a hannu, na rasa wane noti nake kwancewa.

Shekararmu bakwai da aure. Bara muka yarda a yi mana dashe. Aka ɗebi ƙwai daga jikinta, aka haɗa da nawa a ɗakin gwaji, aka samu 'yan tayi uku. An saka na farko, bai tsaya ba. An saka na biyu kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Saura ɗaya a cikin sanyi.

A bayan littafin aiki nake rubuta wannan. Dogo, abokin sana'ata, ya tafi ɗaura na'urar sanyaya ɗaki a wani otal. Ko yana nan ma ba zan iya gaya masa ba.

Laraba, ƙarfe 1:00 na rana, cikin mota a harabar asibiti

Malama ta shiga karɓo magani.

Likitar ba ta da gaggawa. Ta juyo mana da allon kwamfuta, ta nuna wani layi fari-fari a tsakiyar hoton mahaifa. Ta ce wannan ita ce shimfiɗar da ɗan tayi yake liƙewa a jikinta. Sun fi son kaurinta ya kai milimita bakwai ko ya wuce. Ta Malama a wannan karon a shida da rabi ta tsaya.

Ta ce abin ba kamar manna takarda a bango ba ne. Ɗan tayi yana aika saƙo, shimfiɗa tana amsawa, kuma 'yan kwanaki ne kawai a wata take buɗe ƙofa. In ya zo da wuri, ko ya makara, ko ɗayansu bai ji maganar ɗan'uwansa ba, shi ke nan. Ta ce ta ga masu shida da suka haihu, ta ga masu goma da ba su samu ba. Sau biyu ta ce, "Ban ce daga nan matsalar take ba." Wata mai zuwa za ta canza magani, ta sake aunawa, ta ɗebi ɗan yanki a gwada, kafin a taɓa na ukun.

Na ji duk wannan. Amma tun da ta ce shida da rabi wani abu ya sauka daga ƙirjina, kamar an ɗauke mini buhun siminti. Matata tana gefena tana murza bakin mayafinta, ni kuma ina jin sauƙi. Allah ya gani.

Shekara biyar ke nan da aka yi mini wani gwaji, takarda ta fito da sunana a kai. Ita ce ta kawo mu asibitin nan, ba wani abu na Malama ba. Daga ni sai Malama sai likita muka san da ita.

Ga ta nan ta fito.

Asabar, ƙarfe 5:40 na yamma

Na je gidan Inna duba mata firji, ba ya yin ƙanƙara. Robar ƙofa ce ta saki. Na tarar da Yaya a can ta kawo mata jikoki.

Ina cikin aiki Inna ta ce, "Auta, har yanzu shiru?" Yaya ta ce, "Ki bar shi, Inna, shi da ba ya son a taɓa masa Malamarsa." Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Da na yi shiru kamar kullum da an wuce wurin. Shekara biyar ina yin shirun nan, na ƙware a kai. Amma yau ina da lamba a baki. Na faɗi wata magana. Kaina yana cikin firji na faɗe ta, ban ma kalli kowa ba.

Inna ta ce, "Ayya. Ai dama." Yaya ta tafa hannu ɗaya.

Robar ta zauna daidai.

Lahadi, ƙarfe 7:15 na safe

Jimla ɗaya ce fa. Kuma ba ƙarya a cikinta. Likita ce ta faɗi lambar.

Lahadi, ƙarfe 2:00 na rana

Akwai ƙarya a cikinta.

Alhamis, ƙarfe 6:30 na yamma, a bakin ƙofar gida

Yaya ta zo ɗazu, ina falo ina cire takalmi. Ta fito da wata kwalba daga jaka, ruwan ciki baƙi-baƙi, an toshe bakin da leda. Ta ajiye a gaban Malama ta ce, "Cokali biyu safe da yamma. Wata maƙwabciyata ce ta sha, yanzu 'ya'yanta uku. Yana ƙara wa mahaifa kauri."

Malama ta ce, "Kauri, Yaya?"

"Ke, daina ɓoye mana, ai mu 'yan'uwanki ne. Ya gaya mana komai, har likita ta auna. Ba abin kunya ba ne, Allah ne ya yi ki haka. Shi ma ya yi haƙuri, wallahi, ba kowane namiji ba."

Malama ta ɗauki kwalbar da hannu biyu ta ce ta gode. Ta kawo mata ruwa da lemo. Ta tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya karye a hannu. Ta raka ta bakin titi. Ni duk lokacin nan takalmi ɗaya a ƙafata, ɗaya a hannu.

Da ta dawo ta rufe ƙofa a hankali. Ta ce, "Me ka ce musu?"

Na ce abin da likita ta faɗa ne kawai.

"Duka abin da ta faɗa?"

Na ajiye takalmin da ke hannuna.

"Shekara biyar," in ji ta. "An kira ni juya a gabanka, na yi murmushi. An ba ni jiƙe-jiƙe, na sha, na yi amai, na ce na gode. Ko yayata da muka sha nono ɗaya ban gaya wa ba. Na ɗauka rufin asirin namu ne mu biyu. Ashe ni ce murfin."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu da na samu abin riƙewa. Ta shiga kicin ta kunna risho.

Juma'a, ƙarfe 8:00 na safe

Ta kwashe littattafan ɗalibanta da matashinta ta koma ƙaramin ɗaki. Ta ce ta fi jin daɗin yin maki a can.

Da tana ce mini Mai Sanyi in tana son tsokana. Yau ta ce, "Malam, ga shayinka."

Talata, ƙarfe 12:30 na rana, a shago

Dogo ya ce kwana biyu na zama kamar firjin da gas ya gudu, injin yana ta kuka, ciki ba komai. Na ce ya kula da aikinsa. Ya ce, "Ai kai ne aikina, Injiniya. Jiya ka sa wa mutum fanka a juye, iska tana hura bango."

Ya ce in faɗa ne da madam, in sayi turare in ce na tuba, ko ban san laifin ba. Shi haka yake yi, shekara goma sha biyu ke nan bai san laifinsa ba, kuma yana zaune lafiya. Na yi dariya don ya ƙyale ni.

Ni na san nawa.

Asabar, ƙarfe 4:00 na yamma

Na je gidan Inna da niyya. Tun a hanya nake maimaita yadda zan fara. Na zauna, na gaishe ta, na ce, "Inna, akwai magana." Ta rage rediyo ta juyo. Na kalli fuskarta, na ce soket ɗin ɗakinta ne nake ganin yana zafi, gara a canza.

Na canza soket mai lafiya.

Laraba, ƙarfe 9:10 na safe

Ta fara sabon maganin. Yau ranar awo ce. Na ɗauko makullin mota, ta ce in bari, ta kira tasi. Ta gaishe ni da kyau ta fita.

Ba ta fasa dafa abinci ba. Ba ta fasa yi mini sannu da zuwa ba. Rigunan aikina a wanke, a goge. Wani da zai shigo gidan nan sai ya ce Allah ya ba shi irin wannan zaman.

Litinin, ƙarfe 3:45 na yamma

Yau na yi abin kunya na daban.

Da safe aka kira mu ɗakin sanyi na wani mai kifi. Wuta ta lalace tun jiya, janareta ya ƙi tashi, kifi katan-katan ya narke, ruwa har idon sawu. Ina tsaye a cikin warin sai na tuna da namu da ke cikin sanyi. Na bar Dogo da mita a hannu, na shiga mota, sai asibiti.

Mai ɗakin gwaji wata mata ce mai tabarau, ba ta cika magana ba. Na ce mata na zo in ji ko janaretansu lafiya. Ta dube ni da rigar aiki da warin kifi, ta gane. Ta ce ba a shiga, amma in zo taga. Ta gilashi ta nuna mini wasu tuluna na ƙarfe masu ƙafafun taya. Ta ce ba ruwansu da lantarki, ruwan naitirojin ne a ciki, ana aunawa ana ƙarawa. Mu ma muna aiki da naitirojin in za mu gwada bututu ko yana yoyo, amma iska, ba ruwa ba. Ta faɗi sanyin da ke ciki. Shekara ashirin ina sana'ar sanyi, ban taɓa kusantar wannan lambar ba.

"Naku yana tulu na biyu," in ji ta. "Lafiyarsa ƙalau."

Na ce to tunda an ce 'yan tayin masu kyau ne dukkansu, ai daga shimfiɗar ne ke nan. Ban san me ya sa na tambaya ba. Na sani.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Malam, mu siffa muke gani. Ɗan tayi zai iya yin kyau a madubin gwaji, alhali a can ciki lissafinsa bai cika ba. Masu bincike suna ganin wani lokaci shimfiɗa tana gane irin wannan, sai ta ƙi karɓa. In haka ne, ba gazawa ta yi ba, aikinta ta yi."

Na ce in lissafin bai cika ba, daga wajen wa yake fitowa?

"Daga ƙwai, ko daga maniyyi, ko wajen rabuwar ƙwayoyinsa kawai. Sau da yawa ba mu sani ba. Duk wanda ya ce maka ya san na wa ne a naku, ya faɗi abin da bai sani ba."

Na yi godiya. Na zauna a mota ban tayar ba har rigar ta bushe a jikina.

Talata, ƙarfe 6:50 na safe

Duk wanda ya ce ya sani.

Asabar, ƙarfe 5:00 na yamma

Gidan Inna kuma. Ta yi baƙi. Na ji daɗi da ta yi baƙi. Na gaishe su na fito.

A bakin ƙofa ta ce, "Tana shan maganin Yayarka kuwa?" Na ce tana sha.

Kwalbar tana saman firjinmu, ledar ma ba a kwance ba. Ba ta zubar ba, ba ta ɓoye ba. Duk wanda zai sha ruwa sai ya gan ta.

Alhamis, ƙarfe 2:15 na rana

Sati biyu ban buɗe littafin nan ba. Ba abin rubutawa. Sannu da zuwa, ga abinci, sai da safe.

Yau likita ta ce mu zo tare, don haka ta shiga motata. Ta zauna a baya.

Da sabon magani shimfiɗar ta kai takwas. A yankin da aka gwada an ga ɗan kumburi, irin wanda mace ba ta jin ciwonsa. Likita ta ce zai iya zama yana hana ɗan tayi da shimfiɗa jin maganar juna, zai iya zama ba shi ba ne. Maganin sati biyu ne. Bayan nan, in jini ya zo, a fara shiri, a saka na ukun. Ta turo takardar amincewa, wurin sa hannu biyu.

Na sa nawa da sauri. Na miƙa wa Malama biro.

Ta ce, "Likita, a bar shi a sanyi tukuna. Zan sha maganin. Amma ban shirya ba."

Likita ta dubi Malama, ta dube ni, ta janye takardar ta ce ba gaggawa, zai iya jira.

A harabar motoci na ce mata, takwas fa, Malama, takwas. Ta tsaya da hannu a murfin mota.

"In an saka bai tsaya ba, a gidanku ni ce. In ya tsaya, kwalbar Yaya ce ta gyara ni. Allura nawa na sha a cikin nan nawa, ka ƙirga? Zan iya sake sha. Abin da ba zan iya ba shi ne in kwanta a gadon can ina roƙon jikina ya karɓi ɗanka, alhali kai ka riga ka ba da ni."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙuri ai shi take yi, wani abu zan nemo.

Juma'a, ƙarfe 11:00 na safe

Baki shi ke yanka wuya.

Lahadi, ƙarfe 6:20 na yamma

Na faɗa.

Ban shirya ba ma. Na kai wa Inna maganin hawan jininta, na tarar da ita ita kaɗai tana tsintar shinkafa a faranti. Ban zauna a kujera ba, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kamar ina yaro. Na ce, "Inna, abin da na faɗa ranar firji ba haka yake ba." Na gaya mata gwajin da aka yi mini da abin da ya nuna. Na faɗi kalmar da bakina, a gaban mahaifiyata. Ban san murya tana iya ƙanƙancewa haka ba. Na ce ba don ni ba da ba mu taɓa taka asibitin nan ba.

Ta ɗago hannunta daga cikin shinkafa.

"Tun yaushe?"

Na ce shekara biyar.

"Ita ta sani?"

Na ce tare muka karɓo takardar.

Na ɗauka kuka za ta yi saboda ni. Na ma shirya abin da zan ce in lallashe ta. Sai ta ajiye farantin ta ce, "Auta, ka san abin da na gaya wa yarinyar nan ranar da ƙanwarta ta haihu? Ka san abin da na ce mata a asibiti da na kwanta, tana wanke mini ƙafa? Kana tsaye. Kana tsaye, ka bar ni ina ɗibar alhakin 'yar mutane da hannu biyu, ni da ƙafata ɗaya take a kabari."

Na ce ta yafe mini.

"Ni? Ni ce ma zan nema. Tashi ɗauko mini mayafi."

Na ce ta bari sai gobe. Ta ce wa ya ba ta goben.

Na kawo ta. Matakalar gidanmu goma sha huɗu ce, ta hau da gwiwar nan tata, ta ƙi in riƙe ta. A bakin ƙofa ta ce in koma mota.

Ina motar yanzu. An fi awa ɗaya. Labulen falo a sauke.

Litinin, ƙarfe 7:30 na safe

Ban san abin da suka ce wa juna ba. Malama ce ta riƙo ta suka sauko, idanunsu duka sun kumbura. Da Inna za ta sauka daga mota ta ce, "Yayarka kai za ka gaya wa, ba ni ba."

Malama tana ƙaramin ɗaki har yanzu.

Laraba, ƙarfe 1:20 na rana

Na kira Yaya. Ta ce likitocin nan ƙarya suke, a gidanmu ba a taɓa yin haka ba, ko asiri aka yi mini nake ɗaukar laifin wata. Na ce, "Yaya, ni na ga takardar, sau uku aka maimaita." Can ta ce, "To ni yanzu da wane ido zan kalle ta?" Na ce da irin wanda nake kallonta da shi. Ta kashe waya.

Na gaya wa Dogo ma, tunda baki ya buɗe. Bai yi wasa ba, karo na farko a tarihi. Ya ci gaba da walda, can ya ce, "Turare ba zai yi wannan ba."

Asabar, ƙarfe 10:00 na safe

Wani satin ya wuce. Ta gama maganin sati biyu. Ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Talata, ƙarfe 5:10 na yamma

Na dawo na tarar da takardar asibiti a kan tebur, da sa hannunta a ƙasan nawa. Ita ta je ta karɓo. Na tsaya ina kallo. Ta fito daga kicin ta ce, "Kada ka ɗauka an gama. Ba don kai na sa ba. Ni ma nawa ne, kuma ya daɗe a cikin sanyi."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ba ka sani ba. Amma ka fara."

Alhamis, ƙarfe 12:40 na rana, a barandar asibiti

Sati uku ke nan da sa hannunta. Shimfiɗa takwas da ɗigo biyu. Da safe mai tabarau ta fito ta ce an narkar da shi, ya farfaɗo, yana motsawa yadda suke so. Likita ta sake cewa ba ta yi mana alkawari ba, su nasu su kai shi bakin ƙofa a ranar da suke ganin a buɗe take, sauran tsakaninsa da ita ne, da Allah. Kwana goma kafin a gwada jini.

Malama ta sa rigar asibiti da hula. Nas ta riƙe ƙofa ta ce, "Maigidan zai shigo?"

Sau biyun baya ba a ma tambaya ba, bin ta kawai nake yi. Yau nas tana kallonta, ita tana kallon ƙasa. Na ji kowace daƙiƙa a bayan wuyana. Na fara ja da baya zuwa benci.

"Ya shigo," in ji ta. "Ya tsaya ta wajen kaina. Amma kada ya ce komai."

Na tsaya ta wajen kanta. A allo na ga layin nan fari-fari, na ga siririn bututu ya shiga a hankali, sai wani ɗan haske kamar ƙwayar gishiri ya fito ya zauna a tsakiya. Likita ta ce, "Ga shi nan." Hawaye ya gangaro wa Malama ta gefen ido ya shiga kunnenta. Ba ta share ba. Akwai maganganu cike da bakina, ta yi haƙuri, in sha Allahu wannan karon, komai zai yi daidai.

Ban ce komai ba.